Hutun tafiyar ƙafa daga Garwa: ina za a taka, ina za a ga nama?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin makaranta a Garwa, arewacin Kamaru. Ya ce shi da abokan aikinsa su goma sha huɗu, maza da mata, har da wani dattijo da ya kusa ritaya, sun yi adashe domin su yi hutun mako guda a karkara. Ba yawon mota suke so ba. Tafiyar ƙafa suke so tare da ɗan jagora, su ratsa ƙauyuka da duwatsu, su ga giwa da zaki da raƙumin dawa. Yana neman a faɗa masa inda ya dace, da lokacin da ya dace, da abin da za su tanada.

Malam, sannunku da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a adashen. Kai baƙi daji da kan duwatsu a ƙafa ita ce sana'ata, kuma kafin a yi maganar kuɗi akwai abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zo mini da irin buƙatarku: taura biyu ba ta taunuwa. Tafiyar ƙafa cikin karkara daban, kallon manyan namun daji daban. A ƙasar nan tamu ba a wuri ɗaya ake samunsu ba, ba kuma a wata ɗaya suke yin kyau ba. Inda tafiya ke da daɗi, mutane ne suka cika wurin da gonakinsu, babban nama ya bar can tun zamanin kakanni. Inda giwa da ɓauna suke kuwa, doka ba ta barin kowa ya yi ta ratsa daji yadda ya ga dama, kuma ko ta bari, ƙafa ba ta cin nisan da zai kai mutum gare su. Duk wanda ya ce zai tafi da ku a ƙafa mako guda kuna ganin zaki kowace safiya, kuɗinku yake so.

Mu fara da lokaci. Babban hutunku na makaranta yana faɗowa ne tsakanin Yuni da Agusta, tsakiyar damina ke nan. Hanyoyin cikin gandun daji sun zama taɓo, rafuka sun cika, ciyawa ta fi mutum tsawo, gandayen ma galibi ba sa karɓar baƙi. Abin da ya rage muku shi ne hutun ƙarshen Disamba da na wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. Disamba da Janairu su ne watannin tafiya. Hunturu ya sauka, safiya da sanyi, mutum zai yi awa huɗu yana takawa bai galabaita ba. Sai dai a lokacin ruwa bai ƙafe a daji ba, kowane kwari da ɗan tafkinsa, saboda haka nama a warwatse yake, kuma ciyawar da wuta ba ta ci ba tana rufe komai. A Maris da Afrilu tafkunan sun bushe, dole kowace dabba ta sauko kogi ta sha, a nan ne ake ganin garke-garke. Amma zafin Garwa na wannan lokaci ba sai na ba ka labarinsa ba, ma'auni na haura digiri 40, kuma ni ba zan ja mutum goma sha huɗu a ƙafa cikin wannan rana ba ko nawa za a biya ni.

Shawarata ita ce ku ɗauki Disamba. Kwana huɗu a ƙafa cikin karkara, kwana biyu a gandun daji da mota tare da 'yar gajeriyar tafiyar safe, kwana ɗaya kuma hanya ta cinye shi. Za ku ga dorina da kada da mariya da birai da tsuntsaye har ku gaji da kallo. Zaki kuwa rabo ne, ku sa wannan a ranku tun daga gida.

Yanzu batun yawanku. Goma sha huɗu sun yi yawa, ku rabu biyu. Ba wai don a ninka muku kuɗin jagora nake faɗar haka ba, lissafin ruwa ne. Mai tafiya a ƙafa da rani yana shan lita huɗu zuwa biyar a yini. Ku goma sha huɗu, lita 70 ke nan na sha kaɗai, ban da girki, ban da alwala, ban da 'yan dako da su ma mutane ne masu jin ƙishi. Kafin ka ankara kun tashi da jarka biyar ko shida mai lita ashirin-ashirin kowace rana. A kan dutse da rani, ƙauye guda yakan dogara da idon ruwa ɗaya ne, mata su yi layi tun duku-duku suna jiran ya tsatso. Idan ayarinku ya sauka ya kwashe, wata ce za ta koma gida da tulu rabi, kuma ba za ta ce muku komai ba, amma jagoran da ya kawo ku zai ji a jikinsa idan ya sake dawowa. Mutum shida zuwa takwas ƙauye zai iya ɗauka ba tare da ya ji nauyi ba: kaza biyu, ƙwaryar gari, inuwar bishiya ɗaya.

A cikin gandun daji kuma dalilin ya fi haka ƙarfi. Mai gadi ɗaya ne ke riƙe da bindiga, yana gaba. Layin mutum goma sha huɗu yana kai tsawon mita talatin, wanda ke ƙarshe ba ya ganin hannun mai gadi idan ya ɗaga shi alamar a tsaya, kuma bayan layi ne dabba ke ɓullowa sau da yawa. Ga ƙarar takalma ashirin da takwas a kan busasshen ganye. Idan za ku raba ayarin, kada ku raba shi bisa abota. Ku raba shi bisa ƙafa, masu sauri gefe, masu a hankali gefe, domin abin da ke ɓata irin wannan tafiya ba maciji ba ne, guna-gunin wanda aka bari a baya ne da ƙorafin wanda aka hana ya ci gaba. Kafin Disamba ku gwada kanku ranar Asabar guda a duwatsun Tingilin da ke bayan gari, ko ku je kwazazzabon Kola kusa da Gider inda kogin Mayo Luti ya sassaƙe dutse ya yi sumul. A nan za ku san wa zai iya hawa, wa kuma takalminsa ke cizo.

Ina za a taka? Wurare uku zan ambata, kuma ba daraja ɗaya na ba su ba.

Ga masu ƙafa, duwatsun Alantika. Daga Garwa za ku bi hanyar Ngaundere, ku karya zuwa Poli, ku haye kogin Faro zuwa Wangai da ke gindin dutsen, daga nan sai ƙafa. Duwatsun suna kan iyakarmu da Najeriya, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, kuma mutanen Koma ne ke zaune a kansu ta ɓangarorin biyu. Hawan da tsauri, tsakanin manyan duwatsu masu santsi, wani wurin sai ka sa hannu. Kilomita takwas a can sun fi ashirin a fili wahala. Amma idan ka kai sama ka samu ƙauyen da bai wuce gida goma ba, rumbunan laka a kan dutse, gonar dawa da gyaɗa a kowane ɗan tsagi da ƙasa ta taru, ruwa na gangarowa cikin kwari mai inuwa, za ka ga abin da ya sa mutane ke tasowa daga Turai domin wannan. Babu masauki, babu kanti, waya ma sai ka hau wani tudu. Tabarma ce da bargo, kuma bargon dole ne, domin sanyin Disamba a can ba irin na Garwa ba ne.

Ga dattijonku da duk wanda gwiwarsa ke ƙara, kewayen Ngaundere. Kilomita wajen 280 daga Garwa, tudun Adamawa ne, sama da mita 1,000 daga teku, iska mai sanyi, ƙasa mai gangare a hankali. Ana iya kwana a gari ko a Ngaundaba a riƙa fita kowace safiya: tafkin Tison da ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, magangarar ruwa ta Vina, da ta Tello inda ake shiga kogon da ke bayan ruwan a tsaya ana kallonsa yana zuba a gabanka. Hanya tana ratsa makiyaya, a sha kindirmo a ruga, a ga amya rataye a kan bishiyoyi, domin yankin na zuma ne. Abin kiyayewa ɗaya, kada ku nausa can gabas wajen iyakar Afirka ta Tsakiya, inda masu satar mutane don kuɗin fansa suka daɗe suna addabar makiyaya.

Na uku shi ne wanda ya fi su kyau duka, kuma shi ne ba zan tura ku ba sai da sharaɗi: duwatsun Mandara. Wanda bai ga gonakin mutanen Mafa ba bai san abin da hannu ke iya yi wa dutse ba. Tun daga gindi har ƙololuwa an jera katangun duwatsu masu tsayin gwiwa, babu siminti babu laka, kowace tana tare 'yar ƙasar da wani wurin faɗinta bai wuce taku biyu ba, kuma duk shekara sai an ɗora abin da ruwa ya rushe. Shekara guda a shuka dawa, ta gaba gero, don ƙasa ta huta kuma ƙwari su rasa wurin zama. A cikin gida akwai ɗakin da ake turke sa shekara biyu ko uku ba ya fita, ana kiwata shi domin bikin Maray, takinsa kuma yana komawa gona. Kudu da Mokolo, wajen kilomita 50, ga Rumsiki da tsinin dutsenta mai mita 1,224 da ka sha gani a kalanda, da bokan nan mai duba da ƙaguwa da baƙi ke zuwa kallo (kallo na ce, ba sai ka kai masa tambaya ba). A 2025 ma UNESCO ta sa kangayen duwatsu na Diy-Gid-Biy da ke yankin cikin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta sa Sukur da ke tsallaken iyaka tun 1999. To amma tun da rikicin Boko Haram ya tsallako, yankin Turu da Koza da Mozogo da Kolofata ba wurin yawon hutu ba ne, ni ba na kai kowa. Rumsiki da kewayenta sun fi sauƙi, duk da haka labarin watan jiya ba ya amfani a can. Sai labarin makon da za ku tashi, daga bakin jandarmomin Mokolo da na sarkin garin, kuma idan suka ce a dakata, a dakata.

Sai namun daji. Jiharmu ta Arewa tana da manyan gandaye uku a jere: Faro a yamma mai murabba'in kilomita 3,300, Binuwai a tsakiya mai 1,800, Buba Njida a gabas mai 2,200, tana haɗe da gandun Sena Ura na Cadi. Tsakaninsu yankunan farauta ne da gwamnati ke ba da haya, kuma da rani, daidai lokacin fitarku, ake harbi a cikinsu, saboda haka ba wurin da za a ratsa a ƙafa babu izini ba ne. Binuwai ce ta fi muku sauƙi, domin hanyar Garwa zuwa Ngaundere tana bin gefenta, kuma akwai masauki a bakin kogi. Idan kun sauko daga Alantika kuwa, Faro ce a kan hanyarku, ita ma kogin cike yake da dorina. Zan gaya maka gaskiya, nama ya ragu. Masu haƙar zinariya sun shiga Binuwai, shanun makiyaya suna ratsawa, mafarauta ba su daina ba. Raƙumin dawa ya zama abin nema a can. Baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda nan arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe a duniya, an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare. Buba Njida ta fi su nama, nan ne gidan yamusa, wato ƙaton gwankin nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira elan na Derby, kuma nan ne aka fi sa ran jin kukan zaki. Amma da nisa, ta Cholire ake bi, kuma giwayenta ba su manta da farkon 2012 ba, lokacin da mahara a kan dawakai suka shigo daga wajen Sudan suka kashe ɗaruruwa cikin 'yan makonni. Giwar da ta ga haka ba ta yarda da mai tafiya da ƙafa biyu.

Waza, gandun da ke can jihar Arewa Mai Nisa, ita ce a da ake kai kowa ya ga raƙumin dawa da giwa da jimina a fili fetal. Madatsar Maga ta 1979 ta rage ambaliyar da ke ciyar da fadamarta, sannan a Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun. Daga nan baƙi suka janye. Ba zan sa ta a tsarinku ba.

Bari in nuna maka yadda tafiyar safe take a bakin Binuwai, domin wanda ya san abin da zai tarar shi ke jin daɗinta. Ana tashi bayan sallar asuba, da gari ya fara haske. Mai gadi a gaba, mai bin sawu kusa da shi, ku a jere ɗaya bayan ɗaya, jagora a ƙarshe. Ba hira, waya a kashe. Za ka ga mai bin sawu da ɗan ƙyalle da ya ƙulla toka a ciki, lokaci-lokaci ya girgiza shi ya dubi inda tokar ta nufa. Idan iska daga bayanku take kaɗawa, warinku ya riga ku isa, sai a sake hanya. A kan rairayi zai tsuguna ya nuna muku sawun dorina, yatsu huɗu, faɗinsa ya kai faranti, da hanyarta mai layi biyu da 'yar ciyawa a tsakiya inda ƙafafun dama da na hagu ba sa takawa. Idan gefen sawun a tsaye yake, kaifi-kaifi, na daren jiya ne. Idan ya fara zubewa, ko ƙwaro ya ja layi a kansa, ya kwana biyu. Zai tura yatsa cikin kashin ɓauna ya ji ko da ɗumi. Idan carki suka tashi daga cikin ciyawa suna ƙara, kowa ya tsaya, domin carki ba ya zama sai a bayan babbar dabba. Idan gwaggon biri ya yi haushi sau ɗaya mai ƙarfi daga kan bishiya, ya ga abin da ba ku gani ba. Cikin awa biyu ko uku ba za ku wuce kilomita biyar ba, watakila ku ga mariya da mazo da gadu, da birin nan mai baƙi da fari a saman itatuwan bakin ruwa, da burtu yana takawa cikin ƙonanniyar ciyawa. A wurina wannan ta fi ganin zaki ta tagar mota, amma na san ba kowa zai yarda da ni ba.

Abin tsoro a can ba zaki ba ne. Dorina ce. Da dare take fita kiwo, ta yi nisa da kogi, da asuba ta dawo ta kan hanyarta, kuma duk abin da ta tarar tsakaninta da ruwa sai ta bi ta kansa. Kada girman jikinta ya ruɗe ka, a gajeren zango ta fi ka gudu. Kada ku tsaya a kan hanyar nan mai layi biyu, kada a je alwala bakin kogi ba tare da mai gadi ba, ga kadoji ma suna nan. Sai tsohon ɓauna da ya bar garke yana kwance shi kaɗai cikin duhuwa, sai giwa mai ɗa. Idan aka yi kiciɓis da zaki, a taru a bayan mai gadi, a ja da baya a hankali ana fuskantarsa; wanda ya ruga ya mai da kansa abin kora. Amma abin da ya fi yawan tarwatsa ayari shi ne ƙudan zuma, don haka duk mai kumburi idan zuma ta harbe shi ya faɗa tun a gida, ya zo da maganinsa. A kwarin Binuwai kuma akwai kububuwa da yawa, 'yar ƙarama ce amma dafinta yana hana jini daskarewa. Takalmi mai rufe idon sawu, dogon wando, tocila a hannu duk wanda zai fita kewayawa da dare, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Idan ta faru, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da igiya. A kwantar da mutum, a ɗaure ƙafar da itace don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Jagoran kirki ya san wane asibiti ne wannan tun kafin a tashi.

Idan burinku giwa ce ido da ido, kuma wata shekara adashen ya yi kauri, to Zakuma ce a Cadi. An kafa gandun a 1963, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 3,000, a yankin Salamat kusa da Am Timan. A 2002 giwayensa sun kai wajen 4,000, kafin 2010 mafarauta sun mai da su wajen 450. A 2010 ɗin ne gwamnatin Cadi ta damƙa kula da shi ga ƙungiyar African Parks, kuma ba a banza aka samu sauyi ba: a Satumban 2012 an kai wa masu gadinsa hari suna sallar asuba a Heban, shida suka rasa rayukansu. Yau giwayen sun koma haihuwa sun haura 600, kuma kusan rabin raƙuman dawa irin na Kordofan da suka rage a duniya a can suke. A ƙarshen rani tafkin Rigek yana cika da gauraka da ɓauna, tsuntsayen jan baki kuma suna tasowa har su rufe rana. Akwai masaukin Tinga, ana kuma fita gajeriyar tafiyar ƙafa da masu gadi. Ɗan Kamaru ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, amma daga Njamena wajen kilomita 800 ne ta Mongo, saboda haka mako guda ba ya isa. Tafiyar ƙafa ta kwanaki a Cadi kuwa, wadda raƙuma ke ɗaukar kaya mutane na binsu, a Enedi ake yinta, can arewa maso gabas wajen Fada, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. UNESCO ta sa yankin a jerinta a 2016. Akwai bakan dutsen Aloba mai tsayin mita 120 da kwarin Arshe inda 'yan kadoji suka rage a tsakiyar Sahara. Kwana uku ko huɗu ne a mota kafin a fara takawa, kuɗinsa kuma ba na albashin malami ba ne.

Duk wannan bayani bai kai muhimmancin mutumin da zai shige muku gaba ba. Da ɗan gari akan ci gari. Kuna buƙatar mutum biyu: wanda zai tsara tafiyar daga Garwa, da ɗan wurin da zai karɓe ku a gindin dutse, mai jin harshen mutanen sama. Hausa da Fulatanci za su kai ku Wangai, ba za su kai ku cikin gidan Koma ba. Kafin ku ba kowa ko sisi, ku tambaye shi a wane ƙauye za a kwana kowane dare, ina za a ɗebi ruwa, wa ya sani a can, yaushe rabonsa da bin hanyar, idan wani ya karye a rana ta biyu ta ina za a sauko da shi kuma ina mota za ta jira. Wanda ya san hanya zai amsa da sunayen wurare da na mutane. Wanda ya ce «kada ku damu, komai a hannuna yake» ku yi masa godiya ku nemi wani. A gandun daji kuwa ba zaɓi, ofishin mai kula da gandun ne ke ba da mai gadi da mai bin sawu, kuma ma'aikatan da yawa sun fito ne daga makarantar koyon kula da namun daji ta nan Garwa da aka buɗe a 1970, wadda ke horar da mutane daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Ku je da katin shaida, ɗan ƙasa ya fi baƙo biyan kuɗin shiga da sauƙi.

Akwai wata magana da ba kowa ke son faɗa ba, amma ku malamai ne. Mutanen Alantika da Mandara ba don sha'awar iska suka hau dutse ba. Hare-haren neman bayi daga sarakunan fili suna cikin abin da ya tsare su a can, kuma ba tsohon labari ba ne can-can: Hamman Yaji na Madagali yana kai irin wannan hari a Mandara har cikin shekarun farko na ƙarni na 20. Saboda haka idan Bahaushe ko Bafulatani ya hau da babbar riga da carbi, ana kallon yadda zai riƙe kansa. A fara da gidan jauro ko mai gari, a gaisa, a ba da goro da gishiri ko sabulu. Sunayen raini da ake kiransu da su a kasuwa a bar su a ƙasa. Za a miƙo muku ƙwaryar bilbil, burkutu ke nan, domin ita ce karramawarsu. A sa hannu biyu a yi godiya a ce ba a sha, ba a yamutsa fuska. Kazar da za ku ci ku saya ku yanka da kanku, ba mai jin haushin wannan. Kafin ku shimfiɗa abin salla ku tambaya, don wata bishiyar ko wani dutsen wurin tsafinsu ne. Hoto sai da izini, musamman na mata, kuma wanda aka ɗauka ba don a sa a Facebook a yi dariya ba. Kada a raba wa yara alewa ko kuɗi a hanya. Abin da za ku bayar ku ba mai gari ko malamin makarantar wurin, alli da littafin rubutu sun fi komai amfani. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ku matafiya ne, taimama da ƙasaru suna nan.

Kaya kaɗan ne. Takalmin da aka riga aka saba da shi, ba sabo ba. Tufafi masu launin ƙasa, ban da shuɗi da baƙi domin su ke jawo ƙudan tsando, ban da fari ƙal a gandun daji. Mata su samu wando a ƙarƙashin doguwar riga, zane ba ya hawa dutse. Malfa, man kaɗanya saboda hunturu, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, gishirin ORS, ƙwayar tsarkake ruwa ko a tafasa. Ba wanka a ruwan da ke kwance saboda tsargiya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likita tukuna, ya kuma gaya wa jagora. Tafiya daga wayewar gari zuwa hantsi, a huta a inuwa, a ɗan ƙara bayan la'asar, a sauka kafin magariba. Dare ba ya samun kowa a hanya. Ku bar takardar tsarin tafiyarku da sunayenku a ofishin jandarma mafi kusa da kuma hannun wani a gida.

Wajen kuɗi, motar da za ta kai ku ta jira ta dawo da ku ita ce za ta ci kaso mafi girma, ba jagora ba, don haka ita za ku fara yin cinikinta, kuma a rubuta ko man fetur da kwanan direba suna ciki. Mai tsara tafiya a ba shi rabi kafin a tashi, rabi bayan an dawo. Ku riƙe canji ƙanana, ɗari biyar-biyar da jaka ɗai-ɗai, domin a kan dutse ba mai canza muku jaka goma. 'Yan dako kuwa ku yi magana da su da bakinku a gaban mai gari, a san nauyin kowa, kada ya wuce kilo ashirin a irin wannan hawa, a ciyar da su daga tukunyar da kuka ci, kuma kuɗinsu ku ƙirga ku ba kowa a hannunsa ranar da kuka sauko, kada ya bi ta hannun wani.